Ciwon damuwa a tsakanin mata masu shayarwa: alamominsa, musabbabansa da hanyoyin magance shi

Ciwon damuwa na bayan haihuwa lalura ce ta lafiyar ƙwaƙwalwa da ke kama mace a makonni ko watannin da suka biyo bayan saukarta, wato daidai lokacin da take jego da shayarwa. Yana zuwa da ƙuncin zuciya mai ɗorewa, da yankewar jin daɗin abubuwan da a da suke faranta rai, da gajiyar da hutu ba ya kawar da ita. Likitoci na lissafa shi cikin matsalolin da suka fi yawa a bayan haihuwa, kuma yana da magani. Sai dai a ƙasashe irin su Najeriya da Nijar, mafi yawan matan da ke fama da shi ba a gano su, domin hankalin gida da na asibiti kan koma kacokan kan jariri da zarar an yanke cibi.

Masana sun daɗe da sanin lalurar. Tun a 1858 wani likitan Faransa mai suna Louis-Victor Marcé ya wallafa littafi sukutum kan taɓin ƙwaƙwalwar mata masu ciki da masu jego da masu shayarwa. Abin da ya sauya a shekarun baya-bayan nan shi ne fahimtar cewa ciwon ya fi tsanani a inda talauci ya fi yawa, saɓanin tsohon zaton cewa cuta ce ta Turawa da masu hali.

Yawan masu fama da shi

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 10 cikin 100 na masu juna biyu, da kashi 13 cikin 100 na matan da suka haihu, na fama da wata matsala ta ƙwaƙwalwa, kuma ciwon damuwa ne kan gaba. A ƙasashe masu tasowa alƙaluman sun haura haka: kashi 15.6 a lokacin goyon ciki, da kashi 19.8 bayan haihuwa. Ke nan, kusan mace ɗaya cikin kowace biyar da ta haihu.

A Najeriya, wani bincike da likitan ƙwaƙwalwa Abiodun Adewuya da abokan aikinsa suka wallafa a 2005, bayan tantance mata 876 a kudu maso yammacin ƙasar makonni shida da haihuwa, ya gano alamomin ciwon a jikin kashi 14.6 cikin 100 nasu. A ƙasar da ake haihuwar miliyoyin jarirai duk shekara, ko wannan adadin ma na nufin dubban ɗaruruwan iyaye mata.

Yanayi uku da ake yawan haɗawa

Likitoci na rarrabe yanayi uku da kan sami mai jego, kuma sanin bambancinsu ne ke nuna wanda ke buƙatar haƙuri da wanda ke buƙatar asibiti.

Na farko shi ne ɗan ƙuncin da ke zuwa kwana biyu zuwa uku bayan haihuwa. Mace kan ji kuka na zuwa mata ba dalili, ranta na saurin ɓaci, barci na yi mata wuya. Wannan kan sami rabin masu jego ko fiye, kuma yakan wuce da kansa kafin makonni biyu su cika, muddin ta samu hutu da kulawa.

Na biyu shi ne ciwon damuwa na haƙiƙa. Alamominsa sun fi nauyi, suna wuce makonni biyu, kuma suna hana mace gudanar da harkokinta na yau da kullum. Yakan soma a makonni huɗu zuwa shida na farko, amma yana iya bayyana a kowane lokaci cikin shekarar farko. A wurin mata da dama, tun suna da ciki yake farawa ba tare da an lura ba. Idan ba a magance shi ba, yana iya ɗaukar watanni, wani lokaci har bayan yaye.

Na uku shi ne rikicewar hankali ta bayan haihuwa, wadda ke samun mace ɗaya zuwa biyu cikin kowace 1,000 da suka haihu. Takan zo da sauri, galibi a makonni biyun farko. Mace kan kwana ba barci, ta riƙa sambatu, ta ji muryoyin da babu mai jin su, ko ta yarda da abubuwan da ba su da tushe game da kanta ko jaririnta. Wannan lamari ne na gaggawa da ke buƙatar a kai ta asibiti a ranar, domin rayuwarta da ta jaririn na iya shiga haɗari. Shi ne kuma yanayin da aka fi dangantawa da shafar aljanu ko sammu, abin da kan jawo a ɓata kwanaki masu muhimmanci kafin a ga likita.

Alamomi

Alamomin da likitoci ke dubawa sun haɗa da baƙin ciki ko yawan kuka a mafi yawan ranaku, rashin sha'awar komai har da hira da dangi, kasa barci ko da jariri ya yi barci, rashin cin abinci ko cinsa fiye da ƙima, kasa tattara hankali, da fargaba mai tsanani kan lafiyar jaririn. Akwai kuma jin cewa ita uwa ce marar amfani, ko jin kamar babu wata shaƙuwa tsakaninta da abin da ta haifa. Mafi haɗari shi ne tunanin cewa mutuwa ta fi mata sauƙi, ko tunanin cutar da kanta.

A ƙasashen Afirka da yawa, mata ba su cika zuwa asibiti su ce suna cikin baƙin ciki ba. Abin da suke kawowa shi ne ciwon kai, faɗuwar gaba, zafin jiki, jiri, ciwon gaɓoɓi, ko su ce tunani ya yi musu yawa. Ma'aikacin lafiyar da ba a horar da shi ba sai ya rubuta maganin zazzaɓin cizon sauro ko na taifot, ta koma gida da ainihin ciwonta.

Akwai kuma cututtukan jiki da ke kama da ciwon damuwa ko su tsananta shi, waɗanda ya kamata a bincika. Ƙarancin jini na ɗaya daga ciki, kuma binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiya na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 na da shi. Haka nan rikicewar sinadarin tayiroyid, wanda wata ƙaba da ke wuya ke samarwa, kan faru bayan haihuwa ya jawo kasala da ƙunci.

Abin da ke faruwa a jiki

A lokacin goyon ciki, sinadaran estirojin da furojestaron na ninkuwa sau da yawa a jinin mace. Da zarar mabiyiya ta fita, sai su faɗo ƙasa warwas cikin 'yan kwanaki. Tare da su ake rasa wani sinadari da jiki ke samarwa daga furojestaron, wanda ke taimaka wa ƙwaƙwalwa wajen natsuwa. Kowace mai haihuwa na fuskantar wannan sauyi, amma ƙwaƙwalwar wasu mata ta fi ta wasu jin tasirinsa. Wannan ne ya sa macen da ta taɓa yin ciwon damuwa a baya, ko wadda ake da shi a danginta, ko wadda ta yi shi a haihuwar da ta gabata, ta fi zama cikin haɗari.

Kan wannan sauyi ake ɗora rashin barci. Sabon jariri kan nemi nono sau takwas zuwa goma sha biyu a dare da yini, abin da ke nufin uwar ba ta samun dogon barci na tsawon makonni. Rashin barci kaɗai na iya tayar da ciwon ga wadda ke da rauni a kansa.

Alaƙarsa da shayarwa

Shayarwa ba ta haddasa ciwon damuwa. Hasali ma, sinadaran oksitosin da furolaktin da jiki ke fitarwa lokacin da jariri ke tsotso na taimakawa wajen kwantar da hankali da ƙulla shaƙuwa. Alaƙar da ke tsakaninsu tana tafiya ne ta ɓangarori biyu: macen da ke fama da ciwon ta fi yiwuwar daina shayarwa da wuri, ita kuma wahalar shayarwa, kamar tsagewar kan nono, kumburi, ko fargabar cewa ruwan nono bai wadata ba, na iya jefa mace cikin ciwon.

Wani bincike da Cristina Borra da Maria Iacovou da Almudena Sevilla suka yi kan bayanan mata kusan 14,000 a Ingila ya fito da wani muhimmin batu. Matan da suka yi niyyar shayarwa kuma suka samu dama su ne mafi ƙarancin kamuwa da ciwon, yayin da waɗanda suka yi niyya amma abin ya gagare su suka fi kowa shiga haɗari. Ma'anar wannan ita ce, ciwon na da nasaba da jin an gaza, da kuma zargin da ke biyo baya.

Wannan darasi ya shafi Najeriya kai-tsaye. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar a shayar da jariri nono zalla na wata shida, a ci gaba da ba shi tare da abinci har shekara biyu ko fiye. Binciken 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 kacal na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata shida ke samun nono zalla. Mai jego a ƙasar Hausa kan tsinci kanta tsakanin umarni biyu: ma'aikaciyar asibiti na cewa kada a ba jariri ko ruwa, uwar miji ko kaka na cewa ƙishirwa za ta kashe shi a wannan zafi. Duk wanda ta bi, ɗayan zai ɗora mata laifi. Idan kuma jaririn ya rame, akan ce nononta ne ba shi da kyau.

Abubuwan da ke ƙara haɗari

A 2012, mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa nazarin da Jane Fisher da abokan aikinta suka yi kan binciken da aka gudanar a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici. Abubuwan da suka gano suna tafiya tare da ciwon sun haɗa da talauci, cikin da ba a shirya masa ba, ƙarancin shekaru, rashin tausayi da goyon baya daga miji, rashin jituwa da dangin miji, duka ko cin zarafi a gidan aure, da haihuwar 'ya mace a wuraren da aka fi son namiji. A ɗaya ɓangaren, ilimi mai zurfi, tsayayyen aikin yi, da miji mai kirki da amana na rage haɗarin.

Kusan kowane ɗaya daga cikin waɗannan na da alƙaluman da ke nuna girmansa a Najeriya. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana a 2022 cewa mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100 na al'umma, na cikin talauci ta fuskoki daban-daban, kuma mafi yawansu a Arewa suke. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024. Mai shayarwa na buƙatar ƙarin abinci fiye da na kullum, amma a gidaje da dama ita ce ta ƙarshen ci.

Binciken 2018 ya kuma nuna cewa kashi 36 cikin 100 na matan da suka taɓa aure sun fuskanci cin zarafi daga miji, na duka ko na jima'i ko na muzantawa. Kashi 19 cikin 100 na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 sun haihu ko suna ɗauke da cikin fari. A 2018, macen Arewa maso Yamma na haihuwar 'ya'ya 6.6 a matsakaicin lissafi, idan aka kwatanta da 5.3 a faɗin ƙasa. Haihuwa kusa da kusa, wadda ake kira kwanika, na nufin mace na goyo da ciki a lokaci guda, ga kuma gorin da ake yi mata a kai. A Jamhuriyar Nijar, inda kusan mata uku cikin huɗu ke aure kafin shekara 18, nauyin ya fi haka.

Yanayin haihuwar ma na da tasiri. Binciken Adewuya ya danganta ciwon da kwanciya a asibiti lokacin ciki, haihuwar bakwaini, tiyata, da haihuwar 'ya mace. Doguwar naƙuda, mutuwar jariri, da yoyon fitsari, wanda kan raba mace da miji da jama'a, duk na barin tabo a zuciya. Sai kuma rikici: matan da suka haihu a sansanonin 'yan gudun hijira a Borno da Yobe da Adamawa, ko waɗanda 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu a Zamfara da Katsina da Sakkwato, sun rasa gida da dangi a daidai lokacin da suka fi buƙatarsu.

Al'adar jego: kariya da giɓi

Al'adar Hausawa ta tanadi tsari mai ƙarfi na kula da mai jego. Mai cikin fari kan koma gidan iyayenta goyon ciki. Bayan haihuwa ana ɗauke mata aikin gida har kwana arba'in, wata dattijuwa na yi mata wankan jego, ana ba ta kunu da nama, 'yan barka na shige da fice. Irin wannan tallafi shi ne abin da bincike ke nuna yana kare mace daga ciwon damuwa.

Amma tsarin na da giɓi. Kulawar ta fi karkata ga jiki, babu gurbin da mace za ta ce ranta ba daɗi ba tare da an ce ta yi butulci ga kyautar da Allah Ya ba ta ba. Kunyar ɗan fari, wadda ke sa uwa ta riƙa nuna halin ko-in-kula ga jaririnta a gaban mutane, na iya rufe alamar rashin shaƙuwa ta gaske. Tallafin kuma kan yanke bayan arba'in, lokacin da ciwon ke kan ganiyarsa. A birane irin su Abuja da Legas da Kano, matasan ma'aurata da yawa na zaune nesa da dangi, mai jego na wuni ita kaɗai da jariri a ɗaki.

Tasiri a kan jariri da iyali

Ciwon uwa na bayyana a jikin ɗa. Wani nazari da Pamela Surkan da abokan aikinta suka wallafa a 2011, wanda ya tattara bincike 17 daga ƙasashe masu tasowa 11, ya nuna cewa 'ya'yan matan da ke da ciwon damuwa sun fi sauran yara haɗarin rama da kimanin kashi 50 cikin 100, da na tsumburewa da kimanin kashi 40. A Najeriya, binciken Adewuya na 2008 ya gano cewa jariran irin waɗannan iyaye sun fi jinkirin girma a wata uku da wata shida, kuma iyayen sun fi saurin daina shayarwa. A yankin da tamowa ke cika asibitocin yara duk damina, lafiyar ƙwaƙwalwar uwa wani ɓangare ne na yaƙi da yunwa.

Su ma maza ba su tsira ba. Nazarin da aka wallafa a Amurka a 2010 ya ƙiyasta cewa kimanin uba ɗaya cikin goma na shiga ciwon damuwa a lokacin da matarsa ke da ciki ko bayan ta haihu, kuma haɗarin na ƙaruwa idan matar na fama da shi.

Ganowa da magani

Ma'aunin da aka fi amfani da shi a duniya shi ne na Edinburgh, wanda John Cox da abokan aikinsa suka fitar a 1987. Tambayoyi 10 ne kan yadda mace ta ji a kwanaki bakwai da suka wuce, ana amsa su cikin kimanin minti biyar, kuma makin na tashi daga 0 zuwa 30. Ma'aunin na nuna wadda ke buƙatar ƙarin bincike ne, likita ko ƙwararren ma'aikaci ke tabbatar da ciwon.

Idan ciwon bai yi tsanani ba, magani na farko shi ne zaman tattaunawa mai tsari, inda ake taimaka wa mace ta gane tunanin da ke danne ta, ta warware matsalolinta ɗaya bayan ɗaya, a kuma jawo miji da dangi cikin kulawa. An tabbatar ba sai likitan ƙwaƙwalwa ne kaɗai zai iya wannan ba. A karkarar Rawalpindi ta Pakistan, Atif Rahman ya horar da mata ma'aikatan lafiya na unguwanni kan shirin Thinking Healthy. Sakamakon da aka wallafa a 2008 ya nuna cewa wata shida bayan haihuwa, kashi 23 cikin 100 na matan da suka samu shirin ne ke da sauran ciwon, a kan kashi 53 na waɗanda ba su samu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shirin littafin jagora a 2015. A Jihar Oyo, gwajin EXPONATE da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta ya nuna cewa ma'aikatan ƙananan asibitoci da aka horar na iya gano ciwon su kuma magance shi.

Idan ya yi tsanani, likita na iya rubuta magani. Wasu magungunan, irin su satralin, kaɗan ne ƙwarai ke shiga ruwan nono, don haka galibi ba a buƙatar yaye jariri. Sukan ɗauki makonni biyu zuwa huɗu kafin a fara ganin sauƙi, kuma ba a daina su kwatsam sai da shawarar likita. A Agustan 2023 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da Zurzuvae, ƙwayar farko da aka yi musamman don wannan ciwo, wadda ake sha na kwana 14. Addu'a da nasihar malamai na ba mata da yawa ƙarfin zuciya, kuma ba su cin karo da zuwa asibiti. Duk macen da ta ambaci kashe kanta ko cutar da jaririnta, ko ta fara sambatu, ba a barin ta ita kaɗai, kuma asibiti ake kai ta nan take.

Doka da manufofin gwamnati

Najeriya na da likitocin ƙwaƙwalwa da ba su kai 300 ba ga al'umma sama da miliyan 200, kuma akasarinsu a manyan birane suke. A Arewa, asibitocin ƙwaƙwalwa na musamman 'yan ƙalilan ne, irin su na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri, da Dawanau a Kano. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958 da aka gada daga Turawan mulkin mallaka. Duk da haka, sashe na 231 na kundin Penal Code da ake aiki da shi a Arewa, da sashe na 327 na Criminal Code a Kudu, sun mayar da yunƙurin kashe kai laifi mai hukuncin ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, abin da ke sa iyalai ɓoye marar lafiya.

A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a duba kowace mai jego aƙalla sau huɗu a makonni shida na farko, tare da tantance ta kan ciwon damuwa. Binciken 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 ne kawai na haihuwa a Najeriya ke faruwa a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa kashi 16 ne. Wannan ya sa ranakun rigakafi, a mako na 6 da na 10 da na 14, suka zama dama mafi kusa ta ganin uwar, domin ita ke kawo jaririn. A mafi yawan asibitoci, jaririn kaɗai ake aunawa.

Hutun haihuwa ma na cikin batun. Dokar ƙwadago ta tanadi makonni 12 da aƙalla rabin albashi, ma'aikatan gwamnatin tarayya na samun makonni 16, yayin da jihohi irin su Legas da Kaduna suka ba ma'aikatansu wata shida. Mafi yawan mata kuwa sana'ar hannu da ƙananan kasuwanci suke yi, babu dokar da ta ba su hutu.

Kuɗi ne ke yanke hukunci kan sauran. A Yarjejeniyar Abuja ta 2001, ƙasashen Afirka sun yi alƙawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, kuma gwamnatin tarayyar Najeriya ba ta taɓa cika wannan alƙawari ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun da ke karɓar aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin ƙananan asibitoci. Horar da ungozomomi da ma'aikatan lafiya na unguwanni, da sanya tambayoyi goma na tantancewa cikin awon ciki da ranakun rigakafi, ayyuka ne da ke hannun hukumomin kula da lafiya a matakin farko na jihohi, kuma a kasafin kuɗin kowace jiha ake ganin ko an ware musu wani abu.